Kyamarar Tsaro A Gida: Wadda Ba Ta Gani Da Dare Ado Ce Kawai



Shekarun baya, in kika ga kyamarar tsaro maƙale a bango, to ko dai banki kika shiga ko kuma gidan wani babba a gwamnati. Yau kuwa abin ya zama ruwan dare: ƙofar gidajen unguwa, shagunan magani, makarantun Islamiyya, har da masallatai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ga masu haura katanga, ga ɓarayin babur, ga masu kwance batirin mota da injin jan ruwa, ga kuma fargabar da kowace uwa take kwana da ita game da yaranta da ke wasa a ƙofar gida. Sau da yawa maigida ne yake zuwa kasuwa ya sayo, ya kawo mai haɗawa, a gama aiki kafin la'asar, kowa ya leƙa allo ya yaba. To amma wa yake kwana a gidan idan ya yi tafiya? Wa zai tashi ƙarfe biyun dare ya duba allo idan an taɓa get? Ke ce. Saboda haka bai kamata a yi wannan ciniki ba ki da baki a ciki ba.

Kada kuma ki ce harkar maza ce. Cikin waɗanda suka fara tsara irin wannan na'ura domin gida akwai wata baƙar fata ma'aikaciyar jinya a birnin New York na Amurka, mai suna Marie Van Brittan Brown. Ita da mijinta Albert suka nemi rajistar ƙirƙirarsu a 1966, aka ba su a 1969. Abin da suka tsara shi ne kyamara a jikin ƙofa da take leƙawa ta wasu 'yan ramuka, da allo a cikin ɗaki, da abin magana, domin mace ta ga mai ƙwanƙwasa ƙofa ta kuma yi magana da shi ba tare da ta buɗe ba. Ta ɓangaren addini ma babu karo tsakanin wannan da tawakkali. Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi da ya ɗaure ta sannan ya dogara.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kusan kowace kyamara kyakkyawa ce da rana. A shago za a kunna miki ita a ƙarƙashin fitilu, ki ga fuskarki tar kamar a madubi. Wanda kike tsoro kuwa ba da rana yake zuwa ba. Sayen kyamara bisa hoton da ta nuna da hantsi cinikin biri a sama ne.

Yadda take gani a duhu

Akwai wani haske da Allah Ya halitta wanda idon ɗan Adam ba ya ganinsa. Wani masanin taurari mai suna William Herschel ne ya gano shi a Ingila a 1800. A jikin kwalin kyamara za ki ga an rubuta IR, mu kuma bari mu kira shi hasken ɓoye. In kina so ki gan shi, ɗauko rimot ɗin talabijin, ki kunna kyamarar wayarki, ki saita bakin rimot ɗin gare ta ki danna. A yawancin wayoyi za ki ga wani ɗan haske yana walƙiya wanda idonki bai gani ba. Irin wannan hasken kyamarar tsaro take haska waje da shi da dare. Ɓarawo yana ganin duhu, ita kuwa tana ganinsa. 'Yan jajayen ɗigogin nan da ake hangowa a fuskar kyamara cikin dare, fitilun wannan haske ne.

Kyamarar ƙwarai tana da wani ɗan labulen gilashi a cikinta da yake tare hasken ɓoye da rana domin launuka su fito daidai, da magariba kuma ya janye. A kwali ana rubuta ICR. Gwada shi ba wuya: a kunna ta, ki rufe fuskarta ruf da hannu ko da mayafi, za ki ji wani ɗan sauti “ƙas”, hoton kuma ya koma fari da baƙi. Masu arha sosai ba su da wannan labule, shi ya sa da rana za ki ga ganyen bishiya ya koma wani ja-ja, baƙar riga ta koma wata kala daban.

Sai dai hasken ɓoye yana da nasa naƙasu, kuma ya kamata ki san shi tun kafin a biya kuɗi. Hotonsa fari da baƙi ne. Idan 'yan sanda suka tambaya wace kalar riga mutumin ya sa, ko wace kalar mota ce ta tsaya, babu amsa. Wani yadin ma baƙi ne wuluk amma a hoton dare ya fito fari. Sannan idan mutum ya matso kusa, hasken yana iya yi masa yawa, fuskarsa ta wanke fari fat, babu ido babu hanci. Wannan shi ne ya fi ciwo, a ce ga mutum ya zo har gaban kyamara amma ba a san ko wane ne ba. Maganinsa shi ne a nemi wadda aka rubuta Smart IR, wato mai rage ƙarfin haskenta da kanta idan abu ya kusanto. Haka kuma idan kin ga an rubuta tana gani har mita 30, ki fahimci cewa a wannan nisa za ta nuna miki akwai mutum ne kawai. Gane fuska sai ya matso sosai.

Akwai kuma nau'i na biyu, masu nuna launi har cikin dare. Kamfanonin Hikvision da Dahua, waɗanda dukansu na birnin Hangzhou ne a ƙasar Sin, kuma kayansu suka cika kasuwanninmu, kowanne yana da irinta: na farko yana kiran tasa ColorVu, na biyu Full-color. Waɗannan an yi su ne su tattara ɗan hasken da ke akwai, na farin wata ko na fitilar maƙwabci, idan kuma duhun ya yi yawa su kunna wata 'yar farar fitila tasu. Hotonsu na dare abin sha'awa ne, amma fitilar tana tona inda kyamarar take, tana kuma tara ƙwari. Yanzu akwai masu haɗa biyun: suna zaune da hasken ɓoye, da zarar sun ga mutum sai farar fitila ta kama. A ganina, ƙofar gida da wajen ajiye mota su suka cancanci mai launi, tunda nan ake buƙatar kalar riga da ta mota. Bayan gida da lungun katanga kuwa mai hasken ɓoye ta wadatar. Kuma fitilar sola guda ɗaya a saman get tana gyara hoton kowace irin kyamara fiye da yadda ake zato.

Lambobin da ke jikin kwali

Mai shago zai fara miki ne da megafiksel, domin ita ce lambar da ke sayar da kaya. Zai ce wannan 2 ce, wannan 5, wannan 8, kuma a tunanin kowa mai 8 ta fi. Da rana haka ne. Da dare kuwa ba lallai ba.

A cikin kowace kyamara akwai ɗan faifai da haske yake sauka a kansa, masu gyara suna ce masa sensa. Ki ɗauke shi kamar mazubin tarar ruwan sama. Idan ana sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko da kofi kika tara zai cika. Idan yayyafi ake, sai mai faffaɗan baho ce za ta samu na wanke-wanke. Dare yayyafin haske ne. Megafiksel kuma shi ne yawan gidajen da aka raba faifan nan. Idan faifan ƙarami ne aka raba shi gida miliyan 8, kowane gida ɗan abin da zai samu bai taka kara ya karya ba, kamar malmalar tuwo ɗaya a gaban yara goma. Shi ya sa za ki ga mai megafiksel 8 mai ƙaramin faifai tana ba da hoto mai yashi-yashi da dare, alhali mai 2 ko 4 mai babban faifai tana nuna fuska sarai.

Girman faifan ana rubuta shi kamar haka: 1/3, 1/2.8, 1/1.8. Ki lura da lambar ƙasa, duk wadda ta fi ƙanƙanta ita ce faifanta ya fi girma. Wato 1/1.8 ta fi 1/2.8. Akwai kuma wata lamba mai harafin F, wadda take nuna faɗin ƙofar da haske yake shiga. Ita ma ƙaramar ita ce babba: F1.0 tana shigar da haske ninki huɗu na F2.0. Waɗannan lambobi biyu, in kin riƙe su, kin fi masu saye da yawa sanin abin da kike nema. Idan kwali bai ambaci girman faifan ba sam, sai dai manyan rubuce-rubuce na yabon kai, ki yi hattara. Araha ba ta ado.

Wata dabara da wasu kyamarori suke yi ita ce su daɗe da ido a buɗe kafin su ɗauki kowane hoto, domin haske ya taru. Idan babu abin da ke motsi, sai ki ga tsakar gida fes, ki ce kin dace. Da zarar mutum ya gifta sai ya zama wata inuwa mai jela kamar hayaƙi. Don haka hoton fili babu kowa ba shaida ba ne. Sai an ga mai tafiya.

Rana ma tana da nata

Gidajenmu da yawa suna da soro ko rumfar get, ciki inuwa, waje kuma rana ƙwal. Idan baƙo ya tsaya a bakin ƙofa hasken yana bayansa, kyamarar da ba ta da inganci za ta nuna titi tar, shi kuma ta mayar da shi baƙin gunki. Abin da ke gyara wannan shi ne WDR, kuma a nemi wadda aka rubuta 120dB a gefensa. Idan DWDR aka rubuta, da harafin D a gaba, kwaikwayo ne, bai kai na ainihi ba. Kada kuma a kafa ta tana kallon gabas ko yamma kai tsaye, domin hantsi ko la'asar sakaliya za su makantar da ita na sa'o'i.

Sai ƙura da ruwa. Ta waje dole ta kasance IP66 ko IP67. Lambar 6 ta farko tana nufin ƙura ba ta shiga, ta biyun kuma ƙarfin jure ruwa ce. Amma ko ƙura ba ta shiga ciki ba, tana kwanciya a kan gilashi, kuma a nan ne siffar kyamara take da muhimmanci. Mai kama da kifaffen kwano, wadda aka rufe da ƙoƙon gilashi, tana da kyan gani a falo ko ofis. A waje kuwa, idan hunturu ya shigo hazo ya lulluɓe ƙoƙon, haskenta na ɓoye yakan daki ƙurar ya dawo mata cikin ido, hoton dare ya zama kamar an shafa masa koko. Doguwar nan mai kama da tocila, ko mai kama da ƙwayar ido wadda ba ta da murfi, su suka fi dacewa da yanayinmu. Dalili ɗaya ne ya sa ba a ajiye kyamara a cikin ɗaki tana leƙen waje ta gilashin taga, ba a kuma manna ta kusa da farin bango ko ƙarƙashin silin ta yadda haskenta zai dawo mata.

Wajen kafawa, masu haɗawa suna son kai ta can ƙololuwa don kada a sace. Sakamakon shi ne a yi ta naɗar saman hula da ɗankwali. Tsayin mita biyu da rabi zuwa uku ya isa ta ƙofar gida. Gilashin gabanta ma iri-iri ne: mai lamba 2.8mm yana kwaso fili mai faɗi amma mutane su fito ƙanana, mai 4mm ko 6mm yana ƙuntata fili ya jawo fuska kusa. Na farko na tsakiyar fili ne, na biyu na ƙofa da dogon lungu.

In an ɗauke wuta fa?

Wannan ita ce tambayar da takardun kamfani ba sa amsawa, domin ba don unguwanninmu aka rubuta su ba. Kyamarar da ta fi kowace gani a duhu, in babu wuta, ita da bangon da take jiki ɗaya ne. Kuma daren da unguwa ta yi duhu, janareta ya yi shiru, shi ne daren da mai mugun nufi yake jira. Abin daɗin shi ne ba su da cin wuta. Kyamarori huɗu da akwatin da ke naɗar hotunansu sukan ci kimanin wat 40 zuwa 50. Batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya 100, in yana da lafiya kuma ya cika, zai iya raka su daga magariba zuwa wayewar gari. Don haka in kuɗin bai kai ba, gara a sayi kyamara biyu masu kyau da batir da faifan sola, da a sayi takwas da za su mutu tare da wutar NEPA. In da inbata a gidan, a tabbata an ɗora su a kanta.

Akwai masu zuwa da solarsu da batirinsu, ana sa musu layin waya. Suna da amfani a gona, ko kango, ko gidan da ake ginawa. Amma yawancinsu barci suke yi don tattalin batir, sai sun ji motsi su farka, wani lokaci kafin su fara naɗi mutum ya riga ya ba da baya. Kuma suna cin data.

Akwatin naɗi shi ne zuciyar aikin, kuma ɓarawon da ya san hannunsa shi yake fara nema. Kada a ajiye shi a falo ƙarƙashin talabijin inda kowane baƙo zai gani. A matsakaicin saiti, kyamara ɗaya mai megafiksel 2 takan cinye wajen gigabait 20 a yini da kwana, wato guda huɗu za su cika faifan ajiya mai terabait 1 cikin kamar kwana 12, daga nan sabon hoto ya fara goge tsoho. In abu ya ɓata, kada a yi jinkirin dubawa.

Sirrin gida

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda kuma ta fi shafarmu mu mata. Kyamara ido ce, kuma addininmu bai yi wasa da maganar ido a cikin gida ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad cewa wani mutum ya leƙa ɗakin Manzon Allah (SAW) ta wata kafa, sai Annabi ya nuna masa cewa saboda gani ne aka shar'anta neman izini. Aya ta 58 a Suratun Nur ta ware lokuta uku, kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake sauke tufafi, da bayan sallar isha, waɗanda ko yaran gida sai sun nemi izini. Aya ta 12 a Suratul Hujurat kuma ta hana binciken sirrin juna.

Tsakar gida ita ce inda mace take sakewa, ta cire mayafi, ta yi wanki da ɗaurin ƙirji, a yi kitso, a shayar da jariri. Matan maƙwabta ma suna shigowa su sake saboda sun san babu namiji. Idan aka kafa kyamara tana kallon nan, kuma aka haɗa ta da intanet, to an buɗe taga ce da ba ki san iyakar masu leƙowa ba. Wannan ba zato ba ne. A 2014 jaridun duniya sun ba da labarin wani shafi a intanet da yake nuna hotunan kyamarori fiye da 70,000 kai tsaye daga ƙasashe daban-daban, har da na ɗakunan kwana da gadajen jarirai. Ba wata gagarumar dabara aka yi ba, masu kyamarorin ne ba su canza lambar sirrin da kamfani ya sa ba.

Saboda haka kyamara ta kalli ƙofa, da katanga, da wajen mota, ta ba tsakar gida baya. Ɗakin kwana da hanyar makewayi ba a ma maganarsu. Kada kuma tamu ta leƙa gidan maƙwabci, musamman in muna da bene. Idan wani ɓangare na gidansu ya shigo hoto dole, yawancin na'urorin suna da saitin da ake rufe wannan wuri da baƙin tambari, a sa mai haɗawa ya yi. Ranar da ya gama aiki, a canza lambar sirri a gabanku, ke ko maigida ku sa sabuwa da hannunku, a kuma tabbata an cire gidanku daga wayarsa. Da yawa daga cikinsu mutanen kirki ne, amma waya tana ɓata, tana kuma shiga hannun abokai. Ki tambaya kuma ko kyamarar tana ɗaukar murya, domin da yawa suna yi ba a sani ba.

Na san akwai masu sa ƙaramar kyamara a falo saboda 'yar aiki ko mai raino. In dole ta sa, a gaya mata tun ranar farko, kuma kada a kai inda take kwana ko canza kaya. 'Yar wani ce, amana ce a hannunki. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya kuwa, maganar wa zai riƙe lambar sirri da inda za a kafa kowace kyamara a yi ta a fili gaban kowa, tun kafin abin da aka sayo don ɓarawo ya koma makamin kishi.

Kafin a sallami mai haɗawa

Ki roƙi maigida ya riƙe wani abu daga kuɗin aikin har sai an kwana ɗaya. Bayan sallar isha, a kashe fitilun waje, a sa wani yaron gida ya sa hula ya taho daga bakin titi zuwa get da tafiya irin ta kullum, sannan ya sake wucewa da sauri. Ke kuma kada ki tsaya kallon hoton kai tsaye. A dawo da abin da aka naɗa, a tsayar da shi daidai inda ya iso ƙofa. Tambayar guda ɗaya ce: da ba ɗanki ba ne, za ki iya gane shi gobe a kasuwa? In amsar a'a ce, a sauko da kyamarar ƙasa, ko a ƙara fitila, ko a canza ta. Daga nan a kashe wutar gidan gaba ɗaya daga mita, a ga ko allon zai ci gaba da aiki.

A duba kwanan wata da agogon da ke saman hoton, domin hoton da ke ɗauke da ranar da ba daidai ba yana raunana shaida. Ki sa a nuna miki, ke da kanki, yadda ake komawa baya a nemo hoton jiya da yadda ake kwafe shi a waya. Bayan haka sai kula: a goge gilashin da tsumma mai laushi duk mako a lokacin hunturu, da damina kuma a riƙa share saƙar gizo-gizo, domin ƙwari suna taruwa a gaban kyamara, gizo-gizo yana bin su, kuma zare ɗaya tak a bakin gilashi yakan fito da dare kamar igiyar shanya ya rufe rabin hoton.